Abin da Mai Baro Ta Kira Tatsuniya

Na fara ganinta ne a shekarar da na ajiye aiki a gidan waya, shekarar da aka sassare itatuwan bakin titinmu don a faɗaɗa shi, aka kuma bar aikin a rabi. Itace ɗaya ya tsira, kusa da katangar makarantar sakandare, kuma a ƙarƙashinsa na tarar da wata mata ta girke baro cike da tsofaffin littattafai. Na tambayi sunanta, ta faɗa mini, amma ban taɓa jin wani ya kira ta da shi ba. Manya suna ce mata Mai Baro, yara suna ce mata Gwaggo. Ita kuwa Baba Akawu take kirana, duk da na sha gaya mata cewa na wuce akawu kafin in bar aiki.

Mijinta mai sayen tsofaffin takardu ne a kan sikeli, yana sayar wa masu shaguna su yi ƙunshi. Da ya rasu, ɗaki cike da takarda ya bar mata. Tana cikin tsintar abin da za ta kai wa masu ƙunshi, sai ta lura 'ya'yan maƙwabta suna zare masu bango suna laɓewa da su a bayan ƙofa. Nan ta gane cewa littafin da aka yage sau ɗaya ake cin moriyarsa, wanda aka ba da haya kuwa yana fita yana dawowa. Da wannan ta ci, da shi ta ciyar.

Ban taɓa sanin mutum mai tsoro kamarta ba. Tana tsoron ƙadangare, tana tsoron tsawa, tana tsoron wayar lantarki da ta ratsa ta saman itacen. In ɗan sanda ya tsaya yana duba bangon littafi kawai, sai ta ce ya ɗauka ya tafi da shi. Mai askin da ke tsallaken titi yakan ce da za a rarraba wa unguwa tsoron Mai Baro, da titin nan sai awaki.

Harshenmu tana karanta shi a hankali, da yatsa a kan layi. Turanci kuwa ko baƙi ɗaya ba ta sani ba, alhali yawancin kayanta na Turanci ne, irin waɗanda ke zuwa a dila tare da gwanjo. Saboda haka bango take dubawa. Kashi uku ta yi musu. Duk wanda ta ga mace da namiji sun manne a bangonsa, na manya ne. Waɗannan a ƙasan baro suke, lulluɓe da tsohon tamfol, kuma yaron da ya zo da kayan makaranta a jikinsa ko warinsu ba zai ji ba. Wanda ta ga lissafi ko inji ko taswira, na makaranta ne. Na uku kuwa, wanda ta ga dodo, ko takobi, ko doki mai fukafukai, wannan tatsuniya ce. Tatsuniya kuwa kowa ya san ta yara ce. A sama take jera su, inda gajeren hannu zai kai.

Ina so a fahimce ni a nan, domin duk abin da ya biyo baya daga wannan kalma ya fito. Mu a wurinmu, da zarar dodo ya shigo labari, labarin ya zama na yara. Babba ba ya zama ya saurari dodo, sai in shi ne mai faɗa. A makarantar mishan da na yi ma haka abin yake. Akwai kabad mai gilashi a ofishin shugaba, mabuɗin yana aljihun farar rigarsa, kuma har yau in na rufe ido ina jin warin man katako da tsohuwar takarda. Masu dodanni na ƙananan aji ne, sirara, da manyan baƙaƙe, dodon kuma kullum a shafin ƙarshe yake mutuwa ba tare da an ga jini ba. Babu wanda ya sanar da mu cewa yanzu akwai manya masu rubuta wa manya dodanni, su zuba a ciki duk abin da ba a faɗa a gaban yaro. Da Mai Baro ta fara samun wasu littattafan dodanni masu kaurin bulo, nakan tsaya in juya su, in ce yaran zamani sun yi sa'a.

Jikata tana da shekara goma sha huɗu a lokacin. Sunan mahaifiyata aka sa mata, don haka Uwata nake kiranta, ita kuma in ta so tsokana sai ta ce ni ne ɗanta marar jin magana. Mahaifiyarta ta rasu tun tana ƙarama. Mu uku ne a gidan: ni, ita, da mahaifinta, ɗana, direban babbar mota da yakan yi makonni a hanya. Duk ranar da ya dawo, tun kafin ya ƙwanƙwasa ta san takunsa. Takan isa ƙofa a guje, ta ƙwace jakarsa, ta hau lalube tana neman tsaraba kamar ma'aikaciyar kwastan.

Wata rana ta shigo da ɗaya daga cikin masu kaurin nan. A bangonsa akwai dodo naɗe da wata hasumiya mai ƙararrawa, an yi rubutun da ruwan zinariya. Ta ce Gwaggo ce ta zaɓa mata, wai tunda ta cinye ƙananan, ga wanda zai riƙe ta. Na ara mata ƙamus ɗina, na ji daɗi a raina.

Da mahaifinta ya dawo daga tafiyar da ta biyo baya, ba ta je ƙofa ba.

Shi da kansa ya shigo da jakarsa, yana kiranta. Muka same ta a ɗaki, ta jingina bayanta da bango, hannuwanta a manne da cinyoyinta. Ta gaishe shi daga can, da ladabin da ba mu san ta da shi ba. Ya miƙa mata tsaraba, ta ce ya ajiye a kan tebur. Ranar ba ta ci abinci ba sai da ya fita. Kwanakin da ya yi a gida, ko sau ɗaya ba ta yarda ya tsaya a bayanta ba. In zai wuce ta a soro, sai ta juya tana binsa da fuska har ya fice. In aka kaɗa ƙararrawar makaranta, wadda ake ji har gidanmu, sai jikinta ya ɗauki rawa.

Na ga tsoro iri-iri a rayuwata, amma ban taɓa ganin irin wanda na gani a idon ɗana ba. Da farko ya ɗauka fushi take yi. Daga baya ya same ni a bayan gida, ya rage murya, ya tambaye ni ko wani namiji ya shigo gidan nan ba ya nan. Na ce babu. Ya tafi ya tsaya a ƙofar makaranta yana kallon duk namijin da ya fito, malami ne ko mai gadi, har na je na jawo shi. Muka kai ta asibiti, aka auna komai, aka ce lafiyarta lau. Ni ma tunanin da yake yi nake yi, kuma in na kore shi sai wani ya zo: a dangin matata an taɓa yin wata da hankalinta ya gushe tana budurwa, ita ma da shiru ta fara.

Ranar da zai koma hanya ya ce mini, “Baba, in na dawo na same ta a haka, asibitin masu taɓin hankali zan kai ta, su kwantar da ita. Ba zan zauna 'yata tana kallona kamar na kashe wani ba.”

Na san waɗannan ɗakuna, na taɓa kai ziyara.

Bayan tafiyarsa, wata rana da na ci abincin rana, na kishingiɗa a kujerata barci ya fara ɗaukata. Sai na ji yatsu biyu masu sanyi sun kama kunnena na hagu, sun lanƙwasa shi gaba a hankali. Numfashi yana taɓa wuyana. Ban motsa ba, ban buɗe ido ba. Yatsun suka saki, suka zagaya, suka kama na dama. Na ji ta ce, can ƙasa-ƙasa, “Babu.”

Na ce, ido a rufe, “Me kike nema, Uwata?”

Ta ce zare.

Da ƙyar na tattaro labarin daga bakinta. A littafin akwai wani sarki matsafi da ba ya barin sojojinsa su mutu. Duk wanda aka kashe a fagen yaƙi, sai a kwaso guntayensa a ɗinke da baƙin zare, a mai da shi gida wurin iyalinsa. Yana dariya irin tasa, yana kiran 'ya'yansa da sunayen wasa, yana kawo tsaraba. Alama guda ce, ƙullin zaren a bayan kunne. Ran da aka kaɗa ƙararrawar hasumiya, sai ya tashi daga gaban abinci ya fara da wanda ya fi ƙauna. A nan ta tsaya, ta naɗe gefen shafin, ta tura littafin ƙarƙashin katifa. Kunnen kowa ta duba, ban da na mahaifinta, domin ba ta iya matsawa kusa da shi.

Na karɓe shi na karanta, da rana, ƙofa a buɗe. Marubucin bai bar wa mai karatu komai ya yi zato ba. Abin da wuƙa ke yi wa jiki ya faɗe shi gaɓa-gaɓa. Akwai kuma shafuffuka na abin da ke tsakanin mace da namiji, a fili, wani ma ba da yardar macen ba. Ni da na binne mutane da yawa sai da na riƙa ajiye shi ina fita shan iska. Ba zan ce littafin banza ba ne. An iya rubutu, da ba a iya ba da bai kama ta haka ba. Amma na babba ne, wanda ya riga ya ga duniya, yana da abin da zai auna ƙarya da shi.

Na kulle shi a akwatina, na zaunar da ita, na bi mata abin dalla-dalla: cewa wani ne ya zauna a kujera ya ƙirƙira, cewa gawa ba ta ɗinkuwa. Ta saurare ni har na gama.

Ta ce, “Kaka, ai na san ƙarya ce. Jikina ne bai sani ba.”

Kwanaki suka ci gaba da tafiya, babu abin da ya canja, dawowar mahaifinta kuma tana matsowa. Ban yi niyyar gaya masa daga ina littafin ya fito ba, domin na san da hannu ɗaya zai kife baron. Amma na ga ya kamata ita mai baron ta sani. Na ɗauki littafin na je, na jira har yara suka shiga aji, na faɗa mata duka.

Ta zame ta zauna a kan tushen itacen. Ta karɓi littafin da gefen zaninta kamar mai ɗaukar tukunya daga wuta, ta ƙura wa bangon ido.

Ta ce, “Amma Baba Akawu, dodo ne fa. Ga shi nan. Tatsuniya ce.”

Na ce mata wannan ta manya ce. Ta ce ita tunda take ba ta taɓa jin tatsuniyar manya ba. Sai ta waiga ta kalli tarin da ke saman baro, na ga ta fara tuna hannuwan da suka ɗauka daga wurin. Ta roƙe ni in duba mata su ɗaya bayan ɗaya, muka wuni muna yi, kusan rabi suka koma ƙarƙashin tamfol. Muna gamawa ta tambaye ni ko yarinyar ta kai ƙarshe. Na ce a'a, kuma ba za ta kai ba. Ta tambaya ko abin yana ƙarewa. Na ce yana ƙarewa, ba da daɗi ba, amma an fasa ƙararrawar.

Ta murza gefen zaninta. Sannan ta ce ita ba ta san ilimin wannan abu ba, abin da ta sani kawai shi ne a tsakiya aka bar yarinyar, ita kaɗai, kuma hannunta ne ya miƙa mata.

Ta ce, “Ni na ɗora mata, ni zan sauke. Ka ba ni shi. Ba wa kanta za ta karanta ba, ni za ta karanta wa.”

Na ce, “Ke da kike gudun ƙadangare?”

Ta ce, “To, ya zan yi.”

Ban yarda don na gamsu ba, na yarda ne don ba ni da wata dabara, ga lokaci yana ƙurewa. Abin da na iya yi shi ne na ɗauko ƙananan maƙalan takarda da na taho da su daga gidan waya, na maƙale shafuffukan da ba na yarinya ba ne. Jikata ta ga wannan aiki, ta ce ɗanta ya makara, ta riga ta wuce irinsu a baya. Wannan ce tsokana ta farko da na ji daga bakinta tun da abin ya fara, kuma ba ta ba ni dariya ba.

Haka aka fara. Kullum in an tashi daga makaranta, sai ta zauna a kan bulo kusa da baro, bayanta jingine da katanga, ta karanta layi a zuci ta juya wa Gwaggo shi da harshenmu. Ni ina bencin mai aski ina kallo. Ranar farko muryarta ba ta fita. Mai Baro kuwa ta riƙe hannun baro da hannu biyu, ido a waje, tana salati a hankali. Da aka zo wani wuri sai ta toshe kunne ta ce a dakata ta sha ruwa. Na ce a raina yanzu na haɗa masu tsoro biyu, sai su kashe juna.

Ban san ranar da abin ya juya ba. Na dai lura wata yamma yarinyar ce ke riƙe da hannun matar. Ina jin ta daga tsallake tana cewa, “Haba Gwaggo, takarda ce fa. A sikeli mijinki yake sayen irinta.” Daga baya ta gaya mini cewa wasu wuraren takan rage musu zafi kafin ta faɗa, wasu ta tsallake, wai kada tsohuwa ta sume mata a titi a ce ita ta kashe ta. Mai Baro ta rame a kwanakin nan. Mai aski ya ce mata ko dai ta bar wannan karatu, ta ce saura kaɗan.

Sun gama ana gobe ɗana zai dawo.

Ina zaune a soro na ji takunsa. Ita ma ta ji. Ta fito daga ɗaki ta tsaya a bakin ƙofa, ba ta yi gudu ba. Ya shigo ya tsaya shi ma, jaka a hannu, bai kira ta ba. Sai ta tako, ta karɓi jakar, ta ce ta yi nauyi, ko duwatsu ya kawo mata. Ta juya ta shige gaba, ta ba shi baya, yana biye da ita har ɗaki.

Ba a ranar ta warke duka ba. Ta daɗe ba ta son ƙarar ƙararrawa. Amma ba a sake zancen asibiti ba. Yanzu ta girma, tana karanta abin da ta ga dama, mukan yi gardama a kai. Ita tana cewa rabin ajinsu sun karanta irin waɗannan ba abin da ya same su. Ni ina cewa ba ta san abin da ya same su ba, tunda su ma ba su san nata ba.

Mai Baro ba ta sake tayar da maganar ba, ni ma haka. Duk sabuwar dila takan jira ni in duba masu dodanni kafin ta jera.

Na san tana da ɗa ɗaya da ke aiki a nesa. In an tambaye ta wane aiki, sai ta ce na gwamnati, ta canja magana. Bayan wata biyu ko uku da wannan abu, ina zaune a bencin mai aski da hantsi, sai mota ta sauke wani dogon saurayi cikin kakin soja, da jaka a kafaɗa. Mai aski ya ce ai ɗanta ne, ya fi shekara a inda ake yaƙi, ko sunan aikinsa ba ta iya furtawa don tsoro.

Ya tsallako titi yana dariya, yana kiranta tun daga nesa. Ta miƙe, ta tsaya a bayan baro, ba ta motsa ba. Ya zo ya durƙusa ya gaishe ta. Ta ɗora hannu a kansa. Na ga yatsunta sun gangara gefen hularsa, sun kai bayan kunnensa, sun tsaya. Ba ta lanƙwasa shi ba. Ta gyara masa zaman hular, ta ce ya tashi, ya rame, me suke ba su a can.